Goyon da Aka Ɓoye wa Mutuwa

Shekara guda da wata huɗu muka yi a gidanmu ba wanda ya isa ya ce “ya tashi” ko “ta tashi” game da jaririn Inna. Sai dai a ce an tashi, an sha nono, an yi barci. Idan bakin mutum ya gaji da “an” sai ya koma “su”: su goyo sun yi dariya, su goyo suna ƙiwa yau. Namiji ne. Yanzu da na tsufa ina faɗa ba gargada, amma a lokacin, furta wannan kalma ya fi zagin uba laifi a gidanmu.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, gabas da Haɗejiya, tafiyar hantsi a ƙafa idan ruwa bai tare hanya ba. Zamanin Turawa ne, ina da shekara tara ko kusa da haka, don ba wanda ya rubuta. Baba masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadama. Inna tana bandar kifi a bayan ɗaki, kullum zanenta ƙaurin hayaƙi. Ni ce 'yar fari. A bayana ta haifi maza uku, kowanne sai ya fara zama, ya fara gane mutane, sai zazzaɓin kwana biyu, shi ke nan. Na biyun har ya fara tsayuwa da bango. Mata suka soma cewa Inna wabi take yi, wato ta haifa ta binne, suna faɗa ƙasa-ƙasa idan ta wuce da tulu.

Da ta sami ciki na biyar, kakata ta wajen uwa ta taso daga garinsu can bayan Guri da ƙullin kayanta a ka, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga ƙarshen abin nan. Iya muke ce mata. Bamangiya ce, 'yar ƙabilar Mangawa, gajeriya, haƙora jajaye da goro da fure, Hausarta kuwa abin dariyar yaran unguwa. Baba a bakinta “ita” ne, kaza “shi”, ni kuma yau “kai yarinya”, gobe “ke yaro”. Idan muka ƙyalƙyale da dariya sai ta taɓe baki ta ce, “Ku Afuno kun cika wahala. A yarenmu mutum mutum ne, kalma ɗaya ya ishe shi. Ku sai kun leƙa zanen mutum kafin ku ce ta zo.” Afuno shi ne sunan da suke kiran Hausawa da shi.

Ita kaɗai ta karɓi haihuwar, ko maƙwabciya ba ta bari ta leƙa ba. Da ta gama gyara mai jego ta fito ta zaunar da ni da Baba a ƙofar ɗaki ta kafa doka. Ta ce abin da ke ɗauke 'ya'yan Inna maza yake bi, hujjarta kuwa ga ni nan ƙatuwa ko ciwon kirki ban taɓa yi ba. Ta ce abin ba shi da ido sosai, kunne gare shi da hanci. Don haka za a ce wa duniya mace aka haifa. Baba ya ce ajali a hannun Allah yake, wannan camfi ne, kuma shi ba zai buɗe baki ya kira ɗansa mace ba, ba zai yi ƙarya a kan kyautar Allah ba. Iya ta ce to, in ba zai yi ƙarya ba, ya yi shiru. A nan suka daidaita: ba za a ce mace ba, ba za a ce namiji ba, har sai an yaye. Mutumin da ya haƙa ƙananan kaburbura uku da hannunsa ba ya jan gardama da nisa, ya tashi ya tafi wurin malam karɓo laya.

Ranar suna an yanka rago, liman ya raɗa suna tsakaninsa da Baba. Maroƙi ya gyara murya zai yi shela, Baba ya cika masa hannu da goro ya ce a shafa fatiha kawai. Mutane suka watse suna kallon juna.

Sai ka gwada za ka san wuyar abin. Hausa ba ta barin mutum ya yi maganar wani bai tona shi ba, kana buɗe baki sai “ya” ko “ta” ta riga ka fitowa. Baba zai shigo daga kogi ya ce, “Ina yaron… ina goyon? Ya… an sha?” sai ya ɓige da yin tari na ƙarya, Inna ta zaro ido ta dubi ƙofa kamar wani na laɓe. Maƙwabta kuma suna shigowa da dabara. Wata ta ce, “A ba ni angona in gani, ko kuwa amarya ce?” Wata ta ce a kawo ta taya wanka. Sai Iya ta amsa musu da Manganci, doguwar magana, tana murmushi, su fita ba su ƙaru da komai ba. Hausar nan tata da muke yi wa dariya ita ta zama abin sha'awa. Ko ta ce “shi” ba mai kamawa, don kowa ya san haka take ce wa kaza.

To ni ina nake a cikin wannan? Na ce ni 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Kunya ce, kowa ya sani. Kakata ta wajen uba da ya kamata ta ɗauke ni ta riƙe ta rasu tun ina rarrafe, sai na tashi a gaban uwar da dole ta yi kamar ba ta gan ni ba. Sunana a bakinta “ke”. Idan tana ba wata labarina ta ce “yarinyar nan”. Da can abin bai dame ni ba, haka na ga ana yi wa kowace 'yar fari. Amma yanzu mu biyu ne marasa suna a gida ɗaya, sai na fara auna nawa rashin sunan da nasa. Nawa ana yinsa ne ana kau da kai. Nasa ana yinsa ana sassauta murya, ana kallonsa kamar za a haɗiye shi.

“Su” ɗin nan ma ya tsaya mini a wuya. A garinmu bulama ake ce wa su, da liman, da surukai. Ga abu ko wuyansa bai tsaya ba, yana tumbuɗi a kafaɗar mutane, wai su goyo sun farka, a yi magana a hankali. Ni da nake ɗebo ruwa sau huɗu kafin azahar, ni ce ke.

Ina da jigida ja, Baba ya sayo mini a kasuwar Haɗejiya da ya kai banda, ita ce abu ɗaya a duniya da zan nuna in ce nawa ne. Wata safiya bayan an yi arba'in Iya ta kira ni ta ce, “Kai yarinya, cire wannan.” Ta tsinke zaren da haƙori, ta rage duwatsun, ta ɗaura abin da ya rage a ƙugun jariri. Na ce a saya masa tasa mana. Ta doke mini baki da yatsa biyu saboda na ce “masa”, sannan ta ce sabuwa ba ta da amfani, wadda ta sha gumin mace ake so, idan abin ya zo ya shinshina ya ji ƙanshin 'ya mace ya wuce. Tsohon zanena ma aka yaga aka yi majanyi da shi. Aka huda masa kunne ɗaya, ana sa masa kwalli har ya fi ni. Baba ya gani ya yi kamar bai gani ba. Na dubi Inna ko za ta ce wani abu, tana can tana juya kifi a kan banda.

Daga nan goyo ya koma bayana duk lokacin da Inna ke aiki, don Iya ta ce bayan yarinya ya fi tsaro. Ni ke yi masa tsarki, a bayan zana, na juya wa ƙofa baya. Wata rana muna zaune Iya tana saƙar kaba, shi yana barci a bayana, na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

“Iya, idan abin ya zo ya ji ƙanshina, ya ɗauke ni fa?”

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, “Ba ta son mata. Da tana so, da ta ɗauke ka tuntuni.”

Ta faɗa ne don in kwantar da hankalina, yanzu na sani. Amma ni abin da na ji shi ne ko mutuwa ma ba ta ga abin ɗauka a jikina ba. Wallahi na yi kishin mutuwar nan. Na yi ta fatan in kwanta ciwo mai tsanani, in ga ko za a rage murya a kaina, a ce an tashi, an ci abinci.

Ciwon ma ya zo, bai yi mini rana ba. Da ruwa ya cika fadama mun shiga tsinkar bado ni da 'yan mata, na taka kifin nan ƙurungu, ƙayarsa ta shige mini tafin ƙafa. Wanda bai taɓa taka ƙurungu ba bai san zafi ba. Na dawo ina ɗingishi, jini na bin sawuna, ina kuka da iyakar muryata, rabi don zafi rabi don a ji. Inna ta leƙo daga bayan ɗaki, ta ga jinin, na ga hannunta ya tsaya a kan itacen da take turawa a wuta. Akwai maƙwabciya a tsakar gida. Sai ta ce, “Ke, rage murya, ana barci. Je ki wurin kakarki.” Da yammacin ranar su goyo suka yi atishawa sau biyu, aka kunna turare, aka jiƙa rubutu, Baba ya fasa zuwa duba komarsa ta kamun kifi.

'Yan matan unguwa kuwa sun mai da ni sarauniya. Wannan ta ba ni goriba, waccan ta ɗaukar mini tulu, duk don in faɗa musu. Ina karɓa, ina ja musu rai, in ce gobe. Ban taɓa faɗa ba. Ba don tsoron Allah ba, don na gane ranar da na faɗa goriba ta ƙare. Sai wata rana na lura ko wannan sarautar tasa ce, aro aka ba ni. Ba wadda ta taɓa tambayata wani abu game da ni.

Haka muka yi har ruwa ya fara ja da baya, shinkafa ta nuna. Yana da shekara guda da wata huɗu, ya yi ɓulɓul, yana takawa yana faɗuwa, ya wuce inda 'yan'uwansa uku suka tsaya. Inna har ta fara 'yar waƙa a bakin banda. Sai bulama ya sa aka yi shela cewa masu lamba za su zo daga Haɗejiya, kowa ya fito da iyalinsa, wanda ya ɓoye yaro ya kuka da kansa. Lamba ita ce tsagar da ake yi wa mutum a damtse don kada agana ta kama shi. Mutane suna tsoronta, amma sun fi tsoron dogarin da ke rakiyar masu yinta.

Da hantsi muka taru a gindin tsamiyar ƙofar bulama, maza gefe, mata da yara gefe. Baba yana kogi, an ce masunta sai da yamma. Ga Bature likita a kan kujera mai naɗewa, fuskarsa ja kamar an gasa, ga mai lamba da kayansa, ga wani matashin malami da jar dara yana riƙe da littafi da alƙalami. Littafin gida biyu ne, na maza da na mata. Kowa ya zo sai malamin ya ja ɗan layi a gidansa, a tsaga shi, ya wuce.

Ni ce a gaban Inna. Malamin ko tambaya bai yi ba, ya ja layina a gidan mata. Mai lamba ya kama damtsena ya tsaga. Yaran da suka girme ni suna ta ihu suna birgima, ni na cije leɓe ko uffan ban ce ba, don tun a gida na ƙudura yau sai Inna ta ga jarumtata. Na waiwayo da sauri. Tana gyara wa su goyo hula.

Da ta matso ta kwanto shi, malamin ya dubi jigida da kwalli, ya dubi askin kan goyon, alƙalaminsa ya tsaya a sama. Ya ce, “Baiwar Allah, mace ko namiji?”

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sake tambaya. Iya ta matso ta zuba masa Manganci. Ashe yana ji kaɗan-kaɗan, ya yi murmushi ya ce, “Iya, wannan amsar taki ba ta da gida a littafina.” Dogari ya fara gyara tsayuwa. Sai bulama ya taso da kansa, dattijo mai furfura, ya sunkuya ya yi wa malamin raɗa mai tsawo. Malamin ya juya ya yi wa Bature bayani da Turanci. Kowa yana jiran a ce a kwance wa yaro zane a gaban jama'a.

Baturen ya saurara, ya dubi Inna, ya dubi yaron, ya faɗi wata magana a hankali. Malamin ya juyo ya ce, “Likita ya ce a bar shi. Ya ce su ma a yarensu akwai kalmar da ake kiran jariri da ita, ba ta mace ba ce ba ta namiji ba. Zan ja layin a tsakiya.” Wata tsohuwa ta tambaya wace irin kalma ce wannan. Malamin ya ce ita ce dai wadda suke kiran tukunya da akuya da ita. Mata suka yi dariya, Iya ta ce tukunya ma ta yarda, in dai za a bar mata abinta.

Aka yi masa lambar, ya tsala ihu. Baturen ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙwayar sukari fara fat, irin wadda ban taɓa gani ba, ya miƙa masa. Yaron ya damƙe ya kai baki ya yi shiru. Mata suka yi ta sa albarka. Inna ta yaye mayafinta, na ga fuskarta, tana murmushin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba. Bulama ya tashi dominsa, littafin gwamnati ya karkace dominsa, Bature ya shiga aljihu dominsa. Ni ina tsaye a gefe, jini na gangarowa daga damtsena zuwa gwiwar hannu, ba wanda ya ce mini sannu.

Ba suɓutar baki ba ce, ba zan yi wa kaina wannan ƙaryar ba. Na san abin da zan faɗa, na ja numfashi, na ɗaga murya yadda na gefen maza ma za su ji.

“Namiji ne! Ni nake yi masa tsarki kullum. Namiji ne, ku rubuta!”

Sai wata mata ta ce, “A'uzubillahi! Ji shashasha. Mace ce, ni na ga wankanta.” Matar nan ita ce ta fi kowa nacin a ba ta angonta ta gani. Wata ta karɓe, “Mace ce mana, kowa ya sani.” Nan da nan mata suka ɗauka gaba ɗaya, mace ce, mace ce, suna faɗa da ƙarfi suna kallon sama da rassan tsamiya, don su danne muryata kafin ta kai kunnen da ake tsoro. A nan na gane ashe duk garin sun daɗe da sani. Wa zai ɓoye yaro shekara guda a ƙauyen da zana ce katanga? Sun sani, sun riƙe bakinsu saboda Inna. Ni 'yar gida ce na kasa. Malamin bai taɓa littafinsa ba, ya ce, “Na gaba.”

A hanyar gida Inna na gaba, Iya na biye tana tofa addu'a a kan yaron, ni ina can baya. Na shirya wa duka, har ina ganin idan aka dake ni an biya. Ba wanda ya taɓa ni. Da yamma Baba ya dawo, aka gaya masa, ya kira ni bayan rumbu ya tsuguna daidai tsayina.

Ya ce, “Me ɗan'uwanki ya yi miki?”

Ranar na fara jin ya ce “ya” bai yi tari ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “An ba shi sukari.” Baba ya tashi ya tafi alwala.

A kwana na uku zazzaɓi ya rufe yaron. Ni ma ya rufe ni, damtsena ya kumbura, haka rabin yaran garin, malamin ma ya faɗa tun a gindin tsamiya cewa lamba tana kawo zazzaɓi. Ba wanda ya tuna da wannan a gidanmu. Inna ta rungume shi ta ƙi ci ta ƙi sha. Ina kwance a tabarma a gefensu, tsoro ya cika ni kada ya mutu a ce ni ce, amma duk da haka ina lissafin sau nawa ta taɓa goshinsa. Nawa ta taɓa sau ɗaya, lokacin da ba kowa a ɗakin.

Zazzaɓin ya sauka. Iya ba ta yi murna ba. Ta ce abin ya zo ya shinshina ne, zai dawo, tunda yanzu ya ji. Ta ce za ta tafi da yaron garinsu, inda harshe ba ya tona mutum, inda ko yaro mai baƙin ciki ya buɗe baki ba abin da zai fito. Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka.

Inna ta ce, “Iya, saura wata biyar yaye.”

“Matar ɗan'uwanki tana goyo. Nono biyu gare shi.”

“To in bi ku.”

“Abin ta san bayanki. Uku ta ɗauka daga nan.”

Baba ya ce shinkafa na jiran yanka, ya ce camfi ne, ya ce abubuwa da yawa, sannan ya je ya fara kwashe ruwa daga kwale-kwale. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina yanzu gida ya koma nawa.

Da safe muka raka su bakin ruwa. Inna ta kwance shi daga bayanta da kanta ta miƙa wa Iya, ba ta yi kuka ba saboda akwai mutane. Baba ya tura kwale-kwalen. Da yaron ya ga ruwa ya shiga tsakaninmu sai ya fasa ihu ya miƙo hannu biyu, ba na iya cewa Inna yake miƙa wa ko ni, don muna tsaye wuri ɗaya kuma bayana ya fi sani da rana. Ruwa ya ja su gabas har suka sha kwana a bayan ciyayi.

Ya rayu. Sai da ya kai shekara bakwai aka dawo da shi don kaciya, ba ya jin Hausa, ya ɓuya a bayan Iya da ya ga Inna ta nufo shi, ya yi wata guda yana kukan a mai da shi wurin uwarsa, wato wadda ta shayar da shi can. Inna ba ta ƙara haihuwa ba. Amma wannan duk daga baya ne.

A makon da suka tafi, gidan ni da Inna ne kawai. Muka ci tuwo a kwano ɗaya. Ba mai cewa in rage murya. Washegari da hantsi, daidai lokacin da ya saba farkawa ya sha, na ga gaban zanenta ya jiƙe. Nonon ya cika ya yi tauri, ko hannu ba ta iya ɗagawa ta juya kifi. Ta shiga ɗaki ta ce, “Ke, kawo ƙoƙo.” Na kawo. Ta zaunar da ni a gabanta, gwiwata na taɓa tata, rabon da in zauna kusa da ita haka har na manta. Ta ce, “Riƙe da kyau.” Ta dinga matsawa tana cije baki, nono na zuba a ƙoƙon, ni ina riƙe. Ba ta dube ni da fushi ba. Da ta yi fushin da na fi samun sauƙi.

Da ya kusa cika na tambaye ta a ina zan zubar. Na ɗauka za ta ce a gindin bishiya, inda ba za a taka ba.

Ta ce, “Kai kogi. Can wajensu ruwan yake tafiya.”

Na ɗauka da hannu biyu, da ɗuminsa, na bi ta tsakiyar gari a hankali don kada ya zube, mata suna matsa mini hanya. Na tsuguna a bakin ruwa na tsiyaye shi. Safe da yamma nake kaiwa, har kwana tara, sannan nonon ya ƙafe.